Kuɗin adashina yake so mu zuba a sola, ni kuma keken ɗinki nake hari

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yanmu huɗu, muna haya a gida mai ɗaki biyu da falo. Ɗinki nake yi a cikin gida. Tun da aka mayar da layinmu Band A, rukunin da kuɗin wutarsa ya fi tsada, muka rasa kwanciyar hankali. Katin da yake kai mu wata guda, yanzu da ƙyar yake kwana goma, in an ɗauke wuta kuma sai ƙaramin janareta, ga tsadar mai. Maigidan ni yake ɗora wa laifi, wai ƙwan ɗakin ɗinkina ba ya hutawa, ga dutsen guga. Gaskiya ne, ƙwan tun safe yake kunne har magariba, irin jan nan ne mai wat 100, don ɗakin duhu ne. Tagarsa ɗaya ce, tana kallon lungu, na rufe ta da labule mai kauri saboda masu wucewa. Wata mai zuwa ni ce da ɗaukar adashi, kuma na daɗe da burin sayen babban keken ɗinki. Shi kuma ya ce in ba shi kuɗin ya haɗa da nasa, wani abokinsa zai sa mana sola mai ɗaukar komai har firiza da guga, mu rabu da kati gaba ɗaya. Da na ce bari in yi tunani sai ya ɗau fushi, yau kwana uku sama-sama muke gaisawa. In ba shi ko in hana?

Baiwar Allah, daga Kano

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya albarka a sana'arki, ya kuma sanyaya zukatanku.

Kar ki miƙa kuɗin a kan wannan tsarin da aka kawo miki, kar kuma ki ce masa "a'a" ki ja baki ki yi shiru. Ki roƙe shi sati biyu. Akwai aikin da ya kamata ku yi tare a cikin sati biyun nan, kuma ina da yaƙinin in kun yi shi, maganar da za ku yi a ƙarshe ba irin wadda kuke yi yanzu ba ce.

Bari in fara sauke miki wani nauyi. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya na masu Band A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225, daga baya aka ɗan sassauta ya dawo wajen naira 209, a bisa alkawarin wutar awa ashirin a rana. Kin ga ya ninka sau uku ke nan. To katin da yake kai wata in aka raba shi uku, kwana nawa ya rage? Goma. Lissafin ya fita daidai da abin da kika rubuto. Ba ɓarna kika ƙara ba, farashi ne ya hau. Shi ma maigidan ba mugunta ce ta sa shi faɗa ba. Mutum ne da aljihunsa ke zuba yana neman inda ramin yake, sai idonsa ya faɗa kan abin da yake gani kullum, wato ƙwan nan da ke ci da rana tsaka.

Amma ƙwan ma ba a wanke shi ba. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda. Ƙwanki mai wat 100, in ya yi awa goma yana ci, ya sha yunit guda cif. A wata yunit 30, sama da naira dubu shida ke nan, a ƙwai ɗaya tak, kuma mafi yawan abin da yake ci zafi yake mayar da shi ba haske ba. Shi ya sa ba ya taɓuwa, shi ya sa kuma ɗakin yake ƙara turara. Farin ƙwan LED mai wat 15 zai ba ki hasken da ya kai nasa, a wata kuma ko yunit biyar ba zai ci ba. Wannan yau-yau za ki canza shi, ba sai an jira adashi ba.

Ni dai abin da ya fi tsaya min a rai a wasiƙarki shi ne labulen. Muna zaune a ƙasar da rana ba ta yi mana rowa, ana yini ana gudun ta, amma mace tana ɗinki cikin duhu da ƙarfe goma sha ɗaya na safe tana biyan kuɗin haske. Ban ga laifinki ba, sutura ba abin wasa ba ce, ba wadda za ta so ɗan lungu ya riƙa leƙa ta tana aiki ba mayafi. Sai dai na tuna ɗakin kakata a cikin gari. Ginin ƙasa ne mai kauri, tagarsa ba ta wuce faɗin faifai ba, tana can sama kusa da azara inda ko mahayin doki ba zai leƙo ba. Duk shekara kafin salla sai an shafe ɗakin da farar ƙasa. Da hantsi haske yakan shigo ta wannan 'yar tagar ya bugi bangon da ke fuskantarta, ya bazu ko'ina, har tana zare ƙaya daga ƙafar jika ba ta kunna aci-balbal ba. Aikin da ke son ido sosai, tsintar shinkafa ko saƙar hula, a tsakar gida take yinsa ƙarƙashin inuwa. Magina na da sun san sirrin: haske ta sama yake shiga, ido kuma ta ƙasa yake leƙe. Mu ne muka zo muka yi manyan tagogi daidai ƙirjin mai wucewa, sannan muka toshe su da labule mai nauyin bargo.

To ki raba tagar biyu. Rabin ƙasa ki manna masa takardar nan mai dishi-dishi da ake liƙa wa gilashi, wadda haske ke ratsawa amma ba a ganin mutum, ko ki ɗinka masa ɗan gajeren labule na farin boyel ninki biyu. Ke tela ce, aikin rabin awa ne. Rabin sama ki bar shi a buɗe. Babban labulen kar ki cire shi, ki ɗaure shi gefe da rana, da an kira magariba ki sake shi, domin da zarar an kunna fitila a ciki waje ya yi duhu, farin yadi ba ya rufa asiri. Ki wanke gilashin, ki kuma wanke ragar sauro. Ragar da ta sha hazon hunturu biyu ba a taɓa ta ba, ita kanta labule ce. Sannan ki janyo keken kusa da tagar yadda haske zai zo miki ta gefen hagu ya sauka kan allura, ba ta bayanki ba inda inuwarki za ta rufe ɗinkin. In bangon ɗakin shuɗi ne ko kore mai duhu, ko kuma ya yi dauɗa, ki nemi izinin mai gidan a shafa masa fari, har da silin. Farin bango yana mayar da mafi yawan hasken da ya same shi, mai duhu kuwa shanyewa yake yi. Madubin gwajin kaya ma ki rataye shi a bangon da ke kallon tagar, zai taya ki.

Kin fi ni sanin cewa hasken rana ya fi na kowane ƙwai ga mai ɗinki. Ki lura da masu sayen yadi a Kantin Kwari, sai sun fito da shi bakin shago sun ɗaga kafin su yarda da launinsa. Haka zare, wanda ya dace da atamfa a ƙarƙashin jan ƙwai, a fito da shi waje sai a ga bambanci.

Hattara ɗaya kawai: haske muke nema, ba zafi ba. In tagar yamma take kallo, daga azahar zuwa la'asar sakaliya rana za ta shigo kai tsaye, a watan Afrilu kuwa wannan azaba ce. Irin wannan tagar da safe ake more ta, da rana ta karkata a sauke mata farin labule ko a yi mata 'yar rumfa ta waje. Wasu suna cire fallen kwano ɗaya su sa na roba mai haske. Yana da amfani a kicin, banɗaki ko baranda inda ba silin, amma ƙarami za a sa, kuma ban ba da shawarar a sa shi kan ɗakin kwana ba. Wani makaniki ɗan Brazil mai suna Alfredo Moser ya fito da wata dabara a 2002: a cika gorar roba da ruwa da ɗan bilic don kar ya yi gansakuka, a huda kwano a zura rabinta a liƙe gefen da kyau, da rana sai ta haska ɗaki kamar an kunna ƙwai. Gidajen talakawa da yawa a ƙasashe daban-daban sun amfana da ita. Ku da kuke haya, sai da yardar mai gida.

Yanzu ga aikin sati biyun. Ki sami ɗan littafi ki ajiye kusa da mita. Kullum bayan sallar asuba a rubuta yunit nawa ya rage, bayan isha'i a sake rubutawa. Ki ba babban yaronku wannan aikin, yara suna son a ba su amana irin wannan. Ran da maigidan yake gida ku tsaya gaban mitar tare. Akwai 'yar jar fitila da ke ƙiftawa a jikinta, gwargwadon cin wuta gwargwadon saurin ƙiftawarta. Ku kashe komai, sannan ku riƙa kunnawa ɗaya bayan ɗaya. Cajar waya, da ƙyar za ta motsa. Talabijin, kaɗan. Fanka, ta ɗan ƙara. Ku jona dutsen guga ko hitar dafa ruwan wanka, za ku ga tana ƙifce-ƙifce kamar idon da barkono ya faɗa wa. Duk abin da aikinsa ɗumama wani abu ne, shi ne babban maciyi: dutsen guga wat 1,000 zuwa sama, hita da butar lantarki da risho na wuta daga 1,000 har 2,000. Kowane kaya akwai rubutu a bayansa ko a gindinsa, lamba da harafin W. Ku ninka ta da awannin da yake aiki, ku raba da dubu, kun sami yunit ɗinsa.

Na fi son ku yi wannan tare don wani dalili. Muddin ke ce kike cewa ba ƙwanki ba ne, gardama ce tsakanin mata da miji. In mita ce ta faɗa, ba wanda aka kayar. Kuma ki shirya, tana iya nuna cewa gugarki tana ci fiye da yadda kike zato. In haka ne ki karɓa hannu biyu. Ki daina jona dutse don kalmasa ɗaya ki bar shi yana jira, ki tara aikin guga ki yi shi zama ɗaya, ko ki koma na gawayi kamar yadda teloli da yawa suke yi har gobe. Firizar kuma a janye ta daga jikin bango da inda rana ke bugu, a rage buɗe-buɗe, a duba robar murfin: ki maƙala takarda ki rufe, in ta zare ba tare da turjiya ba, sanyinki yana zurarewa kuɗinku na bin sa.

Sai maganar sola. Ni mai son sola ce, a gidana akwai, kuma na san ranarta. Lokacin da aka yi duhun watan Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace jihohi da dama suka haura mako ba wuta, mai ɗan farantin sola ɗaya a saman kwano shi ne sarkin unguwa, gidansa ake layin cajin waya. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba har akwai lokacin da ta haura dubu, janareta ya zama abin da ake tayarwa da istigfari. Saboda haka tunanin maigidanki ba na banza ba ne, ki gaya masa haka da bakinki. Inda na tsaya shi ne kalmar "mai ɗaukar komai". Duk mai sa sola da ya faɗi haka bai zauna ya rubuta kayan gidanku da awannin aikinsu ba, ko dai bai san aikin ba, ko kuma ya san ba shi zai kwana cikin duhun ba.

Abin da ba a cika gaya wa mai saye ba shi ne, farantin ba shi ne matsala ba. Faranti mai kyau yana haura shekara ashirin yana aiki. A Kano, wanda aka rubuta wa wat 400 zai iya tara miki wajen yunit ɗaya da rabi a yini, bayan an cire asarar zafi da ƙura da waya. Batir shi ne ramin kuɗi, shi ne mai tsada, shi ne kuma mai mutuwa. Babban batir na ruwa mai bolt 12 da aka rubuta wa 200Ah yana riƙe da yunit biyu da ɗigo huɗu a takarda, amma rabi kawai ake so a sha, in ana tatse shi ƙaf kullum ba zai yi nisa ba. Inbata ma, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, tana cin nata kason. A taƙaice, wajen yunit guda za ki samu a dare daga wannan ƙaton batir mai nauyin buhun siminti da ɗoriya.

Mu gwada da gidanku. Ƙwan LED biyar masu wat 9 na awa biyar, wat-awa 225 (wat-awa dubu ne yunit ɗaya). Talabijin mai wat 50 na awa huɗu, 200. Cajin wayoyi, a ce 50. Fankar sama guda biyu masu wat 70, awa tara, 1,260. Jimla ta haura 1,700, batir ɗaya ba zai kai ku asuba ba, sai biyu. Yanzu ki cire waɗannan fankokin ki sa irin na sola masu wat 25: nasu ya dawo 450, jimlar dare duka ba ta kai dubu ba, batir ɗaya ya isa. Kin gani? Canza fanka biyu ya ajiye muku kuɗin batir guda. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake nacewa a fara rage ci kafin a sayi sola. Wanda ya sa sola a gidan da ke cin wuta barkatai, ɗiban ruwa yake da kwando. Dutsen guga kuwa in aka ɗora shi kan batir mai bolt 12, kusan amfiya ɗari yake zuƙa lokaci guda. Firiza kuma duk sanda injinta zai tashi sai ya fizgi ninkin abin da yake ci sau da yawa, dole inbata ta zama babba. Ana iya haɗa solar da za ta ɗauki duk wannan, akwai ta a gidaje, amma kuɗinta ba na adashi ɗaya da ɗan tarin albashi ba ne. In aka ce za a yi muku ita da wannan kuɗin, to a wani wuri za a rage, kuma galibi a batir ake ragewa.

Na faɗa ne don ya same ni. Shekarun baya wani mai haɗa sola da aka yaba min ya kawo min batura biyu, suna ƙyalli, har da leda. Araharsu ta ja ni. Ya ajiye su a ɗan sito mai rufin kwano ba silin, inda da rana ko minti biyar ba a iya tsayawa. Watannin farko lafiya lau. Kafin shekara ta zagayo, ƙarfe goma na dare inbata ta fara kuka, fanka ta tsaya, yara suna juyi cikin gumi. Da na kira wani ya duba, ya nuna min inda aka kankare tsohon kwanan wata a jikinsu: tsofaffi ne aka wanke aka sake musu riga, zafin siton kuma ya ƙarasa su. Ba rasit, ba takardar garanti, ba wanda zan kama. Kuɗin da na yi watanni ina tarawa suka tafi, kuma har yau in na tuna daren nan raina yana sosuwa. Ba na so ki ɗanɗana wannan da kuɗin da kika tara da ciwon baya a kan keke. Sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Saboda haka abokin maigida ya zo, a karɓe shi da mutunci, amma ya rubuta komai a takarda: faranti nawa, wat nawa kowanne, wane irin batir, sabo ne ko na hannu, garantin wata nawa, inbata mai ƙarfin nawa, da abin da za ta ɗauka da wanda ba za ta ɗauka ba. Maigidan ya kai wannan takardar wurin mutum biyu daban ya ji nasu farashin. Ya kuma roƙi abokin ya kai shi gidan da ya yi wa aiki shekara biyu da suka wuce, ba wanda ya gama jiya ba. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, kuma wannan ne zai tsare abotar, don ba abin da ke raba aminai kamar ciniki da aka yi da "ai mun saba". In kuɗi sun kai, batirin litiyom ya fi: ana shan kaso tamanin cikin ɗari nasa ko fiye, ba a zuba masa ruwa, yana kuma shekaru da yawa fiye da na ruwa. In ba su kai ba, na ruwa sabo, a wuri mai iska da inuwa, nesa da yara da wuta, a riƙa duba ruwansa ana ƙara masa ruwan batir, ba na famfo ba. A sa fiyus tsakaninsa da inbata, a yi amfani da waya mai kauri. Farantin ya kalli kudu, wato hannun damanki in kin fuskanci gabas, a ɗan kishingiɗe, inda inuwar tankin ruwa ko bishiya ba ta faɗa masa. Da hunturu a riƙa wanke shi da sassafe duk mako, don hazo yana rage masa ƙarfi sosai. Tunda haya kuke, a yi magana da mai gida kafin a hau kwano, a kuma yarda cewa kayan naku ne, ranar tashi da su za ku tafi. Janaretan nan kuma, don Allah, a waje, nesa da taga. Hayaƙinsa ba ya sallama, ya kashe iyalai cikin barci.

Wani abu da maigidan ya kamata ya ji: ƙaramar sola ba za ta raba ku da kati ba. Yunit ɗaya da rabi a yini, yunit 45 ne a wata, bai kai naira dubu goma ba a farashin Band A. Babbar ribarta ita ce ta kashe muku janareta, yara su yi barci da fanka, ke kuma ki yi ɗinki ko an ɗauke. In kun sa ta, ku koyi bin rana: duk aikin da za a iya yi tsakanin hantsi da la'asar a yi shi lokacin, wuta tana zuwa kai tsaye daga faranti ba a taɓa batir ba, dare kuma a bar wa fitila da fanka.

Kuɗin adashi naki ne. A shari'a dukiyar mace tata ce, ba ta zama ta miji don an ɗaura aure, kuma ba ki yi laifi ba da kika ce za ki yi tunani. In kin bayar da daɗin rai, alheri ne kuma akwai lada. In rance ne, a kira shi rance a rubuta, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ba a kuma ce ban da ma'aurata ba. Abin da ba na so shi ne ki bayar don a daina fushi, ki riƙe abin a zuci. Irin wannan kyautar takan dawo bayan shekara uku a tsakiyar wani faɗan da bai shafe ta ba.

A ganina ki sayi kekenki. Sola tana rage abin da ke fita, keke yana ƙara abin da ke shigowa, gidan da ke cikin matsi kuwa ya fi buƙatar ƙofar shigowa. In za ki saya ki nemi mai motar da ba ta juyi sai an taka, ta fi irin tsohuwar nan da ke gurnani tun da aka kunna ta tana cin wuta ko ba a ɗinki. Amma kar ki tafi da kuɗin duka. Ki ware wani abu ki sayi ƙwayayen LED na gidan gaba ɗaya da fankar sola ko da ɗaya ce. Sannan ki yi abin da na tabbata zai sauko da shi: tunda sana'arki tana cin wutar gidan, ki ɗauki alkawarin sa wani kaso a kati duk wata daga kuɗin ɗinki. Adalci ne, kuma ya fi ki ba da dunƙule ɗaya ki zauna ba jari. Nasa kuɗin ya fara ƙaramar sola ta fitila da fanka da caji, a zaɓi inbata da kantirola (na'urar da ke daidaita cajin batir) waɗanda za su karɓi ƙarin faranti nan gaba. In adashi ya sake zagayowa, keken ya fara biyan kansa, kin ga aikin abokin da idonki, lokacin sai ki sa hannu a faɗaɗa.

Fushin kwana uku kuma kar ki bari ya kai na huɗu. Namiji in ya kawo shawara yana ganin ya samo wa iyalinsa mafita, aka ce masa "bari in yi tunani", abin da kunnensa ke ji shi ne ba a yarda da shi ba. Ki bari ya ci abinci, yara sun kwanta, ki zauna kusa da shi ki ce: "Baban yara, ni ba ƙin maganarka na yi ba, solar nan ni ma ina so. Tsoro nake ji kar mu zuba duk abin da muke da shi a yi mana aikin da ba zai riƙe ba. Ka ba ni sati biyu mu auna abin da gidan nan yake ci, abokinka ya rubuto mana lissafi, sannan mu yanke tare." Kar ki kawo maganar shari'a ko ta haƙƙi a wannan zaman, ki riƙe ta a ranki don ta ba ki natsuwa. Kar kuma ki kai ƙara gida tukuna, abin bai kai nan ba.

Kafin ki yi masa maganar, ki riga ki canza ƙwan, ki gyara tagar, ki janyo keken. Gobe in ya leƙo zai fita, ya tarar da ke kina ɗinki ɗakin fes da haske, makunnin fitila kuma a kashe. Bayan sati biyu ki turo min abin da littafin mitar ya nuna da takardar abokin nasa, in duba muku lissafin batirin kafin ku biya ko sisi.